Yadda ake rufa asirin yaro a takardun shari'ar laifi, daga caji ofis har kotun ɗaukaka ƙara

Kafin fayil ɗin shari'ar fyaɗe ya isa gaban alƙalin Babbar Kotu, ya riga ya bi ta hannun mutane da yawa: ɗan sandan da ke kan kanta, mai bincike, likita, mai buga takarda, magatakardan kotun majistare, lauyan ma'aikatar shari'a, masinja, da mai fotokofi. Kowannensu ya ga sunan yarinyar, ya ga na mahaifinta, ya ga unguwarsu. Yawancinsu ba su da mugun nufi, aikinsu kawai suke yi. Amma ta nan asiri yake tonuwa. Da wuya ka ji alƙali ya ambaci sunan yaro don fallasa. Takarda ce ke yawo da sunan har ta kai shi inda bai kamata ba.

Kowa ya san abin da ke biyo baya a garuruwanmu. Yarinyar da aka san an yi wa fyaɗe tana shan zunɗe a makaranta da wajen ɗiban ruwa, kuma maganar tana nan kwance har ranar da dangin wani za su zo binciken neman aure. Yaron da ya gane fuskar wanda ya kai wa masu garkuwa da mutane rahoto, shi matsalarsa ta wuce kunya, ransa ne a hannu. Wannan tsoron ne ke sa uba ya ce a bar wa Allah, ya janye daga shari'a, mai laifi ya koma gida. Abin da ke tafe an rubuta shi ne don duk wanda fayil irin wannan zai biyo ta hannunsa a Najeriya: mai gabatar da ƙara, magatakarda, lauya, jami'in jin daɗin jama'a, ma'aikacin ƙungiya, da iyayen da ke son sanin abin da suke da ikon nema.

Mataki na farko: a san dokar da za a tsaya a kanta

Alƙali ba ya aiki da tausayi kaɗai, yana son a nuna masa sashe. Tushen farko shi ne Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 36(4) ya ce a yi shari'ar laifi a bainar jama'a, amma ya ba kotu damar fitar da mutane, ban da masu shari'ar da lauyoyinsu, saboda wasu dalilai da ya lissafa, ciki har da jin daɗin waɗanda ba su cika shekara 18 ba. Wannan sashe yana aiki a kowace kotu a ƙasar, ta tarayya ko ta jiha, ta majistare ko ta Musulunci, don haka shi ne abin da ba ya ɓacewa daga hannun lauya.

Na biyu shi ne dokar gudanar da shari'ar laifi ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Sashe na 232 nata shi ne ya fi fitowa fili. A laifuffuka irin su fyaɗe, lalata da ƙananan yara, safarar mutane da ta'addanci, ya hana a bayyana suna, adireshi ko lambar wayar wanda aka zalunta ko mai shaida a kowane rubutu ko rahoton shari'ar, ya ce haɗa wasu haruffa a madadin suna ya wadatar. Ya kuma ba kotu damar karɓar shaida ta bidiyo, ko a sa wa mai shaida shamaki, ko a rufe masa fuska. Wanda ya saɓa, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Sashe na 260 kuma ya ba alƙali ikon fitar da jama'a yayin da ɗan ƙasa da shekara 18 ke ba da shaida a laifin da ya shafi ɗa'a.

Sai dai ACJA ta kotunan tarayya ce da na Abuja. Jihohi kowacce da tata: Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019, kuma lambobin sassan ba lalle su zo daidai da na tarayya ba. A buɗe ta jiha a nemo sashen da ya yi daidai kafin a shiga kotu. Babu abin da ke karya roƙo kamar lauya ya ambaci dokar da ba ta aiki a inda yake tsaye.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ita ma tana da ƙarfi. Sashe na 156 ya taƙaita masu shiga kotun iyali, har 'yan jarida ya hana, sashe na 157 kuma ya hana buga suna, adireshi, makaranta, hoto ko duk wani abin da zai sa a gane yaron da maganarsa ke gaban kotun, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 5 ko duka biyun. Jihohin Arewa sun yi nasu daga baya, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Abin lura a nan shi ne waɗannan sassa an gina su ne kan kotun iyali, alhali baligin da ake zargi da cutar da yaro a kotun manya ake gurfanar da shi. A can, Tsarin Mulki da dokar shari'ar laifi su ne madogara, dokar yara ta zo a matsayin ƙarin hujja.

Mataki na biyu: takarda ta farko

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran ranar fara shari'a. Kafin wannan rana an riga an rubuta sunan a littafin kanta, a bayanin mai ƙara, a katin asibiti, da takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke gabatar wa kotu, da za a karanta da ƙarfi a gaban majistare, kotu cike da masu jiran tasu shari'ar. Abin da aka karanta ranar, an karanta ke nan.

Saboda haka a caji ofis ake farawa. A nemi a ɗauki bayanin yaro a cikin ofis, ba a kan kanta ba, tare da uwa ko wani babba da yaron ya amince da shi, muddin ba shi ake zargi ba. Bayanin asali dole ya ɗauki sunan gaskiya, domin shi ne shaida. Amma takardar da za ta tafi kotu don karantawa, a roƙi mai gabatar da ƙara tun kafin a buga ta da ya sa haruffa a madadin suna. Idan an riga an buga da suna, ya miƙe kafin a fara karantawa ya roƙi kotu a tsallake sunan da adireshin.

A asibiti, inda akwai cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu, can ya fi: Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Sun saba da riƙe sirri, kuma ba sa barin yaro a layin jama'a. Kada neman sirri ya jawo jinkiri, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Rahoton likita kuwa a rufe shi a ambulan, a miƙa wa mai bincike hannu da hannu, ya sa hannu ya karɓa. Kada a ɗauki hotonsa a tura ta WhatsApp don sauƙi. Hoton da ya shiga waya yana sauka a ma'ajiyar hotuna, daga nan sai wanda ya ari wayar ya gani.

Mataki na uku: haruffa da takardar mabuɗi

A zaɓa wa yaro haruffa biyu ko uku da ba su da alaƙa da sunansa. Harafin farko na sunansa da na mahaifinsa ba rufi ba ne. Duk wanda ke unguwar zai haɗa cikin minti ɗaya. Idan yara uku ne a shari'a ɗaya, kowa da nasa haruffan, kuma ba a canzawa daga farko har ƙarshe, domin canji yana rikita fayil, ya ba lauyan wanda ake ƙara ƙofar cewa ba a san ma wa ake magana a kai ba.

Uwa, uba, yaya ko kakar da za su ba da shaida su ma a ba su haruffa. Ba shi da amfani a kira yarinya XY sannan layi na gaba ya ce mahaifiyarta, wance matar wane, ta shaida cewa kaza.

Sai a rubuta takarda ɗaya tak da ke nuna wane harafi ne wane mutum, da adireshi da lambar waya. Ita ce mabuɗi. A sa ta a ambulan, a manne, a sa hannu da kwanan wata a kan bakin mannewar, a rubuta lambar shari'a a bayanta da cewa ba a buɗewa sai da izinin kotu. Ba a ɗinke ta cikin fayil. Tana zama a kabad mai makulli wajen babban magatakarda ko ofishin alƙali, tare da ɗan littafi da duk wanda ya buɗe zai rubuta sunansa, rana da dalili.

Wani abu da dole a faɗa a nan: ana ɓoye yaro ne daga jama'a, ba daga wanda ake ƙara ba. Sashe na 36(6) na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma damar shirya kariyarsa da yi wa masu shaida tambayoyi, kuma ba zai iya ba idan bai san wa ke zarginsa ba. Lauyansa zai san sunan. Abin da za a iya hana shi, da izinin kotu, shi ne sabon adireshin da aka mayar da yaron, da sabuwar makarantarsa, da lambar wayar iyaye. Mai gabatar da ƙarar da ya wuce gona da iri wajen ɓoyewa yana iya cin shari'a a kotun farko ya rasa ta a kotun ɗaukaka ƙara.

Mataki na huɗu: cire suna bai isa ba

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi sakaci. A duba wannan jimla, irin wadda ake gani a takardar tuhuma ko a labarin rediyo: yarinya 'yar shekara 9, 'yar aji uku a islamiyyar bayan tasha, wadda mahaifinta ke facin taya a bakin kasuwa, an aike ta kai niƙa bayan la'asar. Babu suna ko ɗaya a ciki. Amma duk wanda ke wannan gari ya gane ta kafin a kai ƙarshen jimlar, domin mai facin taya a bakin kasuwa mutum ɗaya ne, kuma an san 'yarsa da ke kai niƙa. A birni mai miliyoyin mutane wataƙila a ɓace. A ƙauye ko tsohuwar unguwa, sana'ar uba kaɗai ta isa.

Don haka a karanta kowace takarda da idon maƙwabci, ana tambaya: da ni ɗan layinsu ne, zan gane? Abubuwan da ke tona asiri su ne sunan unguwa da layi, makaranta da aji, sana'a ko sarautar uba, laƙabi, tallan da yarinya ke yi, wata nakasa ko tabo, ranar haihuwa, sunan mai unguwar da aka fara kai wa ƙara, da ranar wani biki ko suna da abin ya faru a cikinsa. Wanda shari'a ba ta buƙata, a cire. Wanda take buƙata, a faɗaɗa shi: ƙaramar hukuma a madadin unguwa, wata makarantar firamare a madadin sunanta. Shekaru kam dole su tsaya, tunda sau da yawa su ne ginshiƙin laifin, amma a rubuta adadin shekarun kawai, takardar haihuwa ta tafi cikin ambulan.

Mafi wuya shi ne idan wanda ake zargi ɗan gida ne: uba, mijin uwa, kawu, ko malamin da ke zuwa karatu gida. Sunansa yana kan fayil, yana kan jerin shari'o'in da ake mannawa a allon kotu kowace safiya. Da zarar an rubuta sunansa kuma an ce 'yar matarsa ce, an gama. A irin wannan hali ana zaɓen ɗaya: ko dai a bar sunansa a ɓoye dangantakar a duk abin da zai fita waje, ko a roƙi kotu shi ma a sa masa haruffa. A ganina na farko ya fi dacewa a yawancin lokuta, domin jama'a suna da haƙƙin sanin mai cutar da yara, kuma rajistar masu laifin fyaɗe da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ta ƙaddamar a 2019 don haka aka yi ta. Amma idan gidan ba shi da wata yarinya sai ita, sunan mutumin kaɗai ya nuna ta, kuma alƙali ne zai auna.

Mataki na biyar: a nemi umarni, kuma a ga an rubuta shi

A zaman farko, kafin komai, mai gabatar da ƙara ko lauyan da ke sa ido a madadin iyali ya yi roƙo. A kotun Musulunci, inda Hausa ake yi, zai iya cewa: "Allah ya gafarta Malam, wadda aka zalunta yarinya ce ƙarama. Muna roƙon kotu ta ba da umarni a riƙa kiranta da haruffa a duk rubutun shari'ar nan, a ɗauki shaidarta ba a gaban jama'a ba, kuma kada kowa ya yaɗa abin da zai sa a gane ta." A Babbar Kotu da Turanci ake yi, kuma ya fi kyau a shigar da shi a rubuce.

Roƙon ya ƙunshi abubuwa dalla-dalla: haruffa ga yaro da danginsa, rufe takardar mabuɗi da rahoton likita, fitar da jama'a lokacin shaida, hana ɗaukar hoto da murya, hana ba da kwafin da ba a shafe ba, da cewa umarnin ya ci gaba da aiki bayan an yanke hukunci. A ambaci 'yan jarida da baki, domin a tsarin ACJA umarnin fitar da jama'a bai haɗa da wakilan jaridu ba sai an faɗa ƙarara.

Alƙalanmu da yawa da hannu suke rubuta abin da ke gudana. Idan alƙali ya gyaɗa kai bai rubuta ba, babu umarni. A roƙa cikin ladabi a shigar da shi, a ciro kwafi, a manna ɗaya a cikin bangon fayil, domin alƙali yana iya samun canjin wurin aiki, magatakarda ma haka, wanda ya gaje su kuwa takarda kawai zai gani.

Idan laifin ba ya cikin jerin sashe na 232, misali yaro ya ga kisan kai ko fashi, ƙofa ba ta rufe ba. A tsaya kan sashe na 36(4), a bayyana wa kotu haɗarin da yaron ke ciki, a haɗa da roƙon cewa idan za a ba da beli, a sa sharaɗin kada wanda ake ƙara ko danginsa su kusanci yaron.

Mataki na shida: fayil biyu, da yadda ake shafewa

Daga nan rajista, wato ofishin da ke ajiye takardun kotu, ta riƙe fayil iri biyu. Na asali, mai komai da komai, yana kulle. Na aiki, wanda aka shafe, shi ke fita teburi, shi ake kai wa mai buga takarda, daga shi ake ciro kwafi.

Shafewa tana da hanya. A yi fotokofin takardar, a bi wuraren da baƙar maka mai kauri, sannan a sake yin fotokofin wanda aka shafe. Wannan na biyun ne ake amfani da shi, na farkon a yayyaga ko a ƙone, domin idan aka ɗaga shi a hasken taga rubutun yana bayyana ta ƙarƙashin tawada. A kwamfuta kuma, zana baƙin akwati a kan suna ba ya goge shi. Rubutun yana nan a ƙasa, mai kwafewa zai ciro shi. A maye gurbin sunan da haruffa a cikin rubutun kansa, ko a buga a shafe da hannu a sake ɗauka da na'ura. A duba sunan da aka ajiye takardar da shi ma. Sau da yawa ciki tsaf, amma sunan fayil ɗin a kwamfuta sunan yarinyar ne.

Kada a kai irin wannan aiki shagon buga takardu na ƙofar kotu. Mai shagon yana ajiye tsofaffin takardu don ya riƙa canza suna yana buga wa wani, kuma shafukan da suka lalace a injin fotokofi su ne ake tarawa a sayar wa masu ƙosai da gyaɗa. Idan babu makawa, mutum ya tsaya a kansa, ya ga an goge, ya kwashe har waɗanda suka lalace.

Mataki na bakwai: sammaci da ranar shaida

Masinjan kotu da ya shiga unguwa da takarda a hannu yana tambayar ina ne gidan su yarinyar nan da aka yi wa abu, ya rusa duk abin da aka gina. A bar mai bincike ko jami'ar jin daɗin jama'a da iyalin suka riga suka sani ta kai, ko a kira uban ya zo ya karɓa. Takardar neman izini daga makaranta kada ta faɗi dalili. Uzurin iyali ya isa.

Ranar zaman, yaro ya jira a wani ofis, ba a barandar da dangin wanda ake ƙara ke zaune ba, kuma kada ya zo da kayan makaranta, tunda bajon da ke ƙirjin rigar adireshi ne. A roƙi a kira shari'ar da farko ko a ƙarshe. Ma'aikacin da ke kiran shaidu kada ya leƙa waje ya ƙwala suna. Ya je ya taho da yaron. A tabbatar an kashe wayoyi.

Tambayar farko da ake yi wa kowane mai shaida ita ce sunanka da inda kake zaune. Ga yaro, a rubuta a 'yar takarda a miƙa wa alƙali da lauyan wanda ake ƙara su gani, a rubuta haruffa a littafi. A ja kunnen tafinta tun da wuri, domin yaro zai ambaci sunan yayarsa, na ƙawarsa, na malaminsu, shi kuma tafinta ya saba maimaita komai da ƙarfi. Dokar shaida ta 2011, sashe na 209, ta ce ɗan ƙasa da shekara 14 ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da irin wannan shaida ita kaɗai sai da wata mai ƙarfafa ta. Ma'ana za a kira wasu shaidun, likita, uwa, maƙwabciya, kuma kowannensu zai so ya kira yarinyar da sunanta. A gaya musu kafin su shiga.

Mataki na takwas: kayan shaida

Tufafi, katin asibiti, takardar haihuwa, hotuna da waya, duk a rufe su, a rubuta lambar shari'a da lambar shaida kawai a jiki. Idan akwai bidiyo ko hoton tsiraicin yaro, ba a yin kwafinsa, ba a tura wa kowa, ko da abokin aiki ne. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya mai da mallaka da yaɗa irin wannan hoto laifi. Lauyan wanda ake ƙara ya zo rajista ya duba a gaban magatakarda.

Mataki na tara: hukunci da ɗaukaka ƙara

Hukunci a bainar jama'a ake karanta shi, kuma shi ne takardar da ta fi kowace daɗewa. Saboda haka lauyoyi su rubuta jawabinsu na ƙarshe da haruffa, don alƙali daga nan yake ɗebo kalmomi. Magatakarda ya bi daftarin layi-layi kafin a sa hannu, musamman inda aka kwafo maganar shaida baki da baki.

Wanda aka ɗaure a Babbar Kotu yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. A nan ne rajista ke tattara komai, ta yi kwafi da yawa, ta ɗinke, ta aika sama. Idan ba a kula ba, fayil na asali ake ɗauka. A harhaɗa daga na aiki, a aika ambulan ɗin mabuɗi daban, a rufe, sannan lauyan gwamnati ya sake yin roƙon a Kotun Ɗaukaka Ƙara, kada ya ɗauka umarnin ƙasa ya biyo fayil da kansa. Hukuncin manyan kotuna yana shiga littattafan rahoton shari'a da rumbunan intanet da ɗaliban lauya ke karantawa, kuma duk mai bincike a cikinsu ya san akwai tsofaffin hukunce-hukuncen fyaɗe masu ɗauke da cikakken sunan yarinya da ƙauyensu. Waɗannan yaran yanzu matan aure ne, sunan kuma yana nan ga mai nema.

Mataki na goma: masu neman kwafi da 'yan jarida

Takardun kotu na hukuma ne, kuma sashe na 104 na dokar shaida ya tanadi ba da kwafi mai hatimi ga wanda ke da ikon dubawa idan ya biya kuɗi. Inda akwai umarnin rufewa, magatakarda ya ba da wanda aka shafe kawai. Mai son fiye da haka ya rubuta wa alƙali. Wanda ya zo da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, a nuna masa sashe na 14, wanda ya keɓe bayanan sirrin mutum. Ƙungiyoyin da ke taimaka wa iyali su ma abin ya shafe su: rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi ba ya buƙatar hoton yarinya ko da an rufe mata ido, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su.

Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton ɗan ƙasa da shekara 16, ko yin hira da shi, a shari'ar da ta shafi lalata ko wani laifi. Doka kuwa shekara 18 ta sani, don haka 'yar shekara 17 ma a rufe ta. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne hira da uwa ko uba a ƙofar gida, fuska a buɗe, ana neman a bi musu haƙƙi. Iyaye cikin zafin rai suke yi, kuma sau da yawa matsin jama'a ne ke hana a danne shari'a. Duk da haka fuskar uwa ita ce sunan 'yarta. A sauya murya, a ɗauka daga baya, a yi nesa da gidan.

Idan asiri ya riga ya tonu

A fara da adana hujja: hoton shafin, adireshinsa, rana da lokaci, da sunan wanda ya wallafa. Kada a sake yaɗa shi da sunan Allah wadai, domin kowane turawa ƙarin masu gani ne. A sanar da iyaye kafin su ji a waje. Sannan a kai ƙorafi ga Facebook, TikTok ko inda aka sa, a zaɓi dalilin da ya shafi ƙananan yara, a kuma rubuta wa editan jaridar ko shugaban gidan rediyon a haɗa da kwafin umarnin kotu. Lauya ya sanar da alƙali a zama na gaba, tunda saɓa umarni raina kotu ne, ban da laifin da doka ta tanada. Iyalin da ba su da lauya su nufi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ma'aikatar mata ta jiharsu.

Idan daga rajista ne ya fita, littafin buɗe ambulan zai nuna hannun da ya taɓa shi, a kai wa babban magatakarda a rubuce. Idan kuma yaron shaida ne a kan mutane masu haɗari, a mayar da shi wajen dangi a wani gari a ranar, sabon adireshin ya tafi cikin sabon ambulan, a sa hannu a bakinsa kamar na farko.